Injin iska uku, Kanta ɗaya: yadda wani mai mota a Maraɗi ya dace a na ukun

Motar da hanyar da take bi

Motar Kanta ce, ƙirar Mitsubishi, mai shan gazuwal, ta wani ɗan kasuwa a Maraɗi. Sau biyu a mako take ɗaukar shinkafa, sukari, mai da sabulu, ta bi ta Tsibiri ta nufi Dakwaro, tafiyar kusan kilomita 120, daga nan ta saki kwalta ta shiga kasuwannin ƙauye na arewa. In za ta dawo, wake da gero take ɗorowa, buhu 30 zuwa 35, wani lokaci da 'yan awaki a sama.

Tayarta shida ce, lamba 7.50R16, biyu a gaba, huɗu a baya a haɗe bibbiyu, dukansu masu tub, a kan wili mai zobe. Wutarta bolt 24 ce, wato batir biyu masu bolt 12 da aka jera, wutar na bi ta cikin na farko ta wuce na biyu. Birkinta kuma na mai ne, ba na iska ba. Wannan na ƙarshe shi ne tushen maganar. Manyan motoci masu birkin iska, irin tirela da tifa, suna da nasu injin iska da tanki a jiki, direba yana iya jona tiyo ya ba taya iska daga nan. Kanta ba ta da tanki. Duk iskar da za ta shiga tayarta daga waje za ta zo.

In an yi lodi, direban yana riƙe tayoyin a bar 6 (bar ma'aunin matsin iska ne). Masu faci a nan kilo 6 suke cewa, a ma'aunin da ke zuwa daga Najeriya kuma PSI 87 ne, tunda bar ɗaya PSI 14.5 ne. A rairayi mai zurfi yakan rage su zuwa bar 4 don taya ta baje, ta hau bisa yashi maimakon ta tona. Waɗannan lambobi na wannan mota ne da lodinta. Kowace mota sai an duba abin da ke rubuce a gefen tayarta.

Nuwamba: taya biyu a mako uku

Kafin wannan lokaci ba wanda ya ɗauki maganar iska da nauyi. In an zo bakin rairayi, yaron mota ya sa ƙusa ya danna allurar bawul, ya rage da ido, ba ma'auni. In an fita kuma sai a ci gaba a haka har a iske mai faci na farko, alhali tsakaninsa da ƙarshen rairayin akwai kimanin kilomita 40 na ƙasa mai tauri. Lokacin da kaya ba su da yawa abin yana wucewa. Da kaka ta yi, lodi ya cika, sai ya daina wucewa.

A makon farko na Nuwamba tayar baya ta hagu, ta ciki, ta fashe. A mako na uku ta dama ta waje ta kumbura a gefe. Mai facin da ya kwance su ya juya cikin tayar ya nuna wa mai motar: roba ta zama baƙin gari kamar an daka gawayi, zaren gefe ya tsattsinke zagaye. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa a gefe duk juyin da ta yi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da zare. A baya kuma, inda taya biyu ke kusa da juna, in sun baje da yawa gefensu yana gugar juna. Da aka auna sauran huɗun a ranar, ɗaya tana bar 3.2, ɗaya tana 4.6.

"Alhaji, tayar ba ta da laifi," in ji mai facin. "Rage iska a rairayi daidai ne. Maida ta ne ba ku yi."

Disamba: ƙaramin famfo mai shiga gurbin kunna taba

Mai motar ya aika aka sayo ƙaramin injin iska a kasuwa, jika 12. Jikinsa roba, girmansa kamar rediyon hannu, kwalinsa an rubuta 300 PSI da manyan baƙaƙe. Ba a rubuta lita nawa yake fitarwa a minti ba.

Ranar farko yaron mota ya soka shi a gurbin kunna taba. Injin na bolt 12 ne, gurbin wannan mota kuwa 24 yake bayarwa. Ya yi ƙara mai tsini, bai kai minti ɗaya ba fis ya ƙone. Sa'a aka yi fis ɗin ya riga injin mutuwa. Sai aka yanke kan wayar, aka sa mata maƙalai biyu, aka riƙa kama batir ɗaya.

Direban ya duba agogo a gwajin farko. Daga bar 4 zuwa 5 minti 6, daga 5 zuwa 6 wasu minti 9. Taya ɗaya kenan, minti 15, alhali 'yar takardar da ke cikin kwalin ta ce kada ya wuce minti 10 ba hutu. A taya ta biyu ƙararsa ta canza, injin na juyawa amma iska ba ta tafiya. Da aka buɗe shi, haƙoran giyar roba da ke juya fistin sun shafe, fistin ɗin kansa faɗinsa bai kai tsabar dala ashirin ba, robar bakinsa kuma ta tattare.

Lissafin da ya kamata a yi tun kafin saye a nan aka yi shi. Cikin taya 7.50R16 yana ɗaukar kimanin lita 50. Duk bar ɗaya da za a ƙara mata, sai an tura mata iskar sarari daidai cikinta sau ɗaya, wato lita 50. Daga bar 4 zuwa 6 lita 100 kenan a kowace taya, lita 600 a taya shida. Wannan injin ya tura lita 100 a minti 15, ƙasa da lita 7 a minti. Ko da bai mutu ba, awa ɗaya da rabi zai yi yana aiki, ban da hutu. Lambar 300 PSI, wajen bar 20, ba ta faɗi komai a kan saurinsa ba. Ƙaramin fistin yana iya matsa iska sosai in an toshe bakinsa, amma abin da yake ɗiba a kowane bugu kaɗan ne, kamar a ce a cika randa da cokalin shayi.

Janairu zuwa Maris: mai silinda biyu na bolt 12

Na biyun jikinsa ƙarfe ne, silinda biyu, da maƙalan batir nasa, kwalinsa ya ce lita 150 a minti. Jika 35. Irin wanda masu Hilux da Land Cruiser ke ɗauka, kuma a motocinsu yana aiki, domin wutarsu bolt 12 ce, tayarsu kuma ba kasafai take wuce bar 3 ba.

Da farko kowa ya ji daɗinsa. Taya ɗaya minti 2, wato lita 50 a minti, kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kwali. Ba lallai ƙarya aka rubuta ba. Lita 150 ɗin ana auna ta ne bakin tiyo a buɗe, ba abin da ke tare iskar. Duk yadda iskar cikin taya ta ƙaru, abin da injin ke iya turawa raguwa yake. Duk da haka, a sanyin safiyar hunturu yana gama taya shida a kwata ɗaya na awa, motar kuma ta daina cin taya.

Matsala ta fito ta wurin da ba a zata ba. A ƙarshen Fabrairu mota ta fara nauyin tashi da safe. A tsakiyar Maris sai da aka tura ta a wata kasuwa da buhu 32 a kai. Mai gyaran wutar mota ya auna batiran bayan sun kwana: wanda ake kamawa yana bolt 11.9, ɗayan yana 13.0, ruwan mai 13.0 ɗin kuma ya ja ƙasa har farantan sun fara leƙowa. Da aka tada mota, jimillar cajin 28.2 ce, lafiya lau, amma rabon ba daidai ba: 13.1 a ɗaya, 15.1 a ɗayan.

Dalilin a fili yake. Injin yana jan amfiya 40, kuma daga batir ɗaya kaɗai. Kwata ɗaya na awa a haka ya kwashe amfiya-awa 10. Na'urar cajin mota kuwa ba ta san batir biyu ba ne, jimilla take gani, wutar da take turawa kuma iri ɗaya ce ke ratsa su duka. Cikakken sai ya sha fiye da ƙima, ya tafasa ruwansa, wanda aka zuƙe kuma ba ya komawa daidai. Kowace tafiya ratar ƙaruwa take. Abin ya daɗa muni da direban ya ga dabarar na yi, ya ja wata waya daga wannan batir ɗin don cajin wayoyin salula da rediyo. Batir biyun duka aka canza, kuɗinsu ya fi na injin nesa.

An yi tunanin a riƙa sauya batir, yau wannan gobe wancan. Mai gyaran wutar ya hana. Batir na biyu, ƙafarsa ta ragi, wato mai alamar (-), ba a jikin mota take ba, tana bolt 12 sama da shi. In wayar ragi ta injin tana haɗe da ƙarfen jikinsa, kuma ƙarfen ya taɓa shasi, batir na farko aka haɗa kai da kai, tartsatsi da ƙonewar waya kenan. Na'urar da ke maida bolt 24 zuwa 12 ma an duba ta. Waɗanda suka fi yawa a shaguna na amfiya 10 zuwa 20 ne, na rediyo da caji. Mai ɗaukar 40 zuwa sama ba a samu ba a lokacin.

Zafi ma ya fara nuna nasa. Tun shigowar Maris injin yakan yanke kansa a taya ta huɗu, sai an jira kusan minti 20 ya huce. Tiyon leda mai murɗe-murɗe da ya zo da shi ya narke sau biyu daidai inda ya haɗu da kan silinda, domin iskar da aka matsa tana fita da zafin da ya wuce digiri 100. Kuma tunda a kan yashi ake ajiye shi yana aiki, yana girgiza yana nutsewa, ya shaƙi ƙura. Irin waɗannan injuna ba mai a cikinsu, zoben roba mai santsi ne ke riƙe iska a bakin fistin, yashi kuwa cinye shi yake. A ƙarshen Maris taya ɗaya ta koma minti 3 da rabi.

Afrilu: zaɓe da agogo a hannu

Wannan karon mai gyaran wutar ne ya rubuta sharaɗi a bayan kwalin batir. Ya zama na bolt 24. Ya nuna litar da yake bayarwa a bar 5 zuwa 6, ba a sifili ba, kuma kada ta gaza 35. Ya nuna tsawon aikin da yake iya yi ba hutu. Ya zama matatar iskarsa ana iya cire ta a wanke.

Maganar hutu tana buƙatar bayani. Ana rubuta ta da kaso cikin ɗari. In an ce 33%, ma'anarsa kamar minti 15 na aiki, minti 30 na hutu. In an ce 100%, yana iya ci gaba, amma a duba a bar nawa aka faɗa. Wasu kamfanoni a zafin digiri 22 suke auna wannan, Maraɗi kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce 40 a inuwa, don haka duk abin da aka rubuta a rage masa. Wasu kwalayen kuma CFM suke rubutawa maimakon lita. CFM ɗaya lita 28 ce da ɗoriya kaɗan.

An samu guda biyu na bolt 24 a wurin wani mai sayar da kayan mota. Na farko silinda biyu, lita 160 a kwali, ba maganar hutu. Na biyu silinda ɗaya, lita 65 kacal, amma da jadawali a takardarsa mai nuna kusan lita 40 a bar 6, da 100% a bar 7. Kuɗinsa ya kusan ninka na farkon uku. Mai shagon ya yarda a gwada su a ƙofar shagonsa. Aka kawo motar da ƙarfe 2 na rana, aka rage tayoyin shida zuwa bar 4 da ma'auni.

Mai lita 160 ya cika tayar farko a minti 1 da daƙiƙa 50, ta uku a minti 2 da rabi, ya yanke a tsakiyar ta biyar. Aka sake rage iskar. Mai lita 65 ya yi minti 2 da rabi a ta farko, minti 2 da daƙiƙa 40 a ta shida, bai tsaya ba. Yana jan amfiya 15.

"Maigida, wancan ya fi gudu," in ji yaron mota.

"Ya fi gudu zuwa taya huɗu," in ji direban. "Mu shida gare mu."

Aka ɗauki mai lita 65.

Haɗa shi ya ɗauki wuni guda. An ja waya mai kaurin murabba'in milimita 4, tsawon mita 2, daga batiran biyu a haɗe, da fis na amfiya 25 tazarar taki ɗaya daga kan batir, don in wayar ta goge a jikin ƙarfe fis ya yanke kafin ta kama wuta. Ƙarshen wayar soket ne mai kauri, saboda a iya zare injin a kai wa wata mota. Wayar an bar ta gajera da gangan, tiyo aka tsawaita, domin doguwar waya siririya tana zubar da wuta, injin ya yi nauyi ya yi zafi. Injin yana zaune a akwatin ƙarfe mai huji-huji a bayan kan mota, nesa da salansa, bisa ƙafafun roba. Matatar iskarsa an ɗaga ta sama da ɗan tiyo, ta bar ƙurar ƙasa. Daga kan silinda rabin mita na farko tiyo ne mai saƙar ƙarfe da ke jure zafi, da bawul mai hana iska komowa, sannan tiyon roba mita 8. Bakinsa mai maƙalewa ne da kansa, da ɗan ƙarfe mai baki biyu don kaiwa ga bawul ɗin tayar ciki. An sayi ma'auni daban mai kai bar 10.

Direban ya koya wa yaron tsarin aiki. Mota tana kunne. A tada injin iska tukuna sannan a maƙala bakin tiyo, don kada ya tashi da nauyin bar 4 a kansa. In za a karanta ma'auni a kashe injin, domin yana aiki allura tana nuna fiye da abin da ke cikin taya. Taya biyu da ke haɗe su zama daidai da juna, in ba haka ba mai yawan iskar ce za ta ɗauke kayan ita kaɗai. Tayar da ta yi zafin tafiya tana iya nuna rabin bar ko fiye sama da na safe, ba a rage mata.

Sai maganar zobe, wadda ta fi duk sauran nauyi. Wili mai zobe, in zoben bai zauna a gurbinsa ba, ko ya tsage, ko tsatsa ta ci gurbin, iska na iya cilla shi da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. Rage iska da maida ta sau biyu a mako yana ƙara yawan lokutan da mutum ke kusa da wannan haɗari. Saboda haka kafin a maƙala tiyo ana zagaya zoben da ido, a kakkaɓe yashin da ya shiga. In an maƙala, mutum ya koma gefe, ta wajen gaba ko bayan taya, ba ya tsuguna yana fuskantar wili. Amfanin baki mai maƙalewa da tiyo mai tsawo kenan. Ba a bugun zobe da guduma akwai iska a ciki. Tayar da ta sace gaba ɗaya aka taka ta kuwa ba a ba ta iska a jikin mota, sai an sa safaya, an kai ta an kwance.

Mayu zuwa Agusta: abin da aka gani

A tsakiyar Mayu, da rana tsaka, taya shida sun ɗauki minti 20 har da zagayawa da aunawa. Injin bai yanke ko sau ɗaya ba. Batiran da aka auna a ƙarshen kowane wata ba su bambanta da fiye da bolt 0.1 ba. Wayar cajin salula an maida ta kan ƙaramar na'urar rage wuta. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ba a rasa taya saboda zafi ba. An yi faci biyu, duka ƙayar aduwa ce, ɗaya ma mai sacewa a hankali ce, aka riƙa ƙara mata iska duk kilomita 15 har Dakwaro.

Sau ɗaya aka samu tangarɗa. A Yuni, bayan guguwar farkon damina, taya ɗaya ta koma minti 3 da rabi. Soson matata ne ya toshe da jar ƙura. Aka wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, aka maida, lokaci ya koma yadda yake. Tun daga nan duk Juma'a ake wanke shi, direban kuma yana riƙe da minti 2 da rabi a matsayin ma'aunin lafiyar injin.

Hukunci

Na farkon, na Disamba, bai dace da wannan mota ta kowace fuska ba, kayan babur ne da ƙaramar mota. Na biyun, mai silinda biyu na bolt 12, injin kirki ne da aka sa a motar da ba tasa ba, kuma shi ya fi jawo asara, domin ya yi aikin da ake gani da ido yayin da yake kashe batir a ɓoye. Ƙaramin tun a gwajin farko ya mutu, aka san an yi kuskure. Wannan sai da ya yi wata biyu da rabi ana yabonsa.

Na ukun ya yi nasara ne saboda an fara da lita 600, bolt 24 da zafin Afrilu, sannan aka nemi injin da zai ɗauke su. Gwajin ƙofar shago, taya shida a jere da rana tsaka, ya fi duk abin da ke kwali amfani, kuma da taya ɗaya kawai aka gwada da mai lita 160 aka saya. Rabin nasarar kuma ta haɗi ce. Wannan injin ɗin, da an ajiye shi a yashi da siririyar waya da tiyon leda, da shi ma bai kai damina da ƙarfinsa ba.

Akwai abin da bai warware ba. Ba shi da tanki, don haka ba ya juya bindigar kwance noti, kuma in motar ta koma taya marar tub ba zai iya zaunar da bakinta a wili ba, tunda wannan yana son iska mai yawa a bugu ɗaya. Zoben fistin ɗinsa ma ƙarewa zai yi wata rana, mai shagon kuma ba shi da na canji. An ba wani direba mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya lambar injin ya nemo guda biyu, da soson matata.